FamilySearch da neman salsalar wani gidan Afirkana: abin da na gani daga Damagaram

A wani taron suna da aka yi a unguwar Birni, nan cikin Zinder, na zauna kusa da wani Bature ɗan Afirka ta Kudu, ɗaya daga cikin Turawan can masu harshen Afirkans da ake kira Afirkana, wanda aikin haƙar rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan wajen Mirriya ya kawo shi jiharmu, ya kuma kama haya a gidan da ke daura da nawa. Bayan an raɗa suna an shafa fatiha, ana cikin rabon goro da dabino, sai maroƙi ya miƙe ya kama jero kakannin angon ƙarni, wane ɗan wane, jikan wane, har ya kai mutum bakwai bai yi tuntuɓe ba, kowanne da kirarinsa da sana'arsa. Na fassara wa baƙon nawa, ya yi jim, sannan ya ce da ni: "Malam, ni iyakar sanina kakan mahaifina, shi ma suna kawai na riƙe." Da maraice ya zo fadarmu ya nuna mini hoto a wayarsa, shafin farko ne na wani tsohon Littafi Mai Tsarki na gidansu, inda aka jera sunaye da ranakun haihuwa da tawadar da ta koɗe. Ni kuwa tarihi na koyar a lise har na yi ritaya, kuma sunan gidan nasu ya tsaya mini a rai, domin ko da yake da lafazin Afirkans yake furta shi, a rubuce kowane ɗan lakwal na Nijar zai gane Faransanci ne. Daga wannan rana muka ɗauki kimanin wata uku muna bin salsalar gidan a shafin intanet na binciken nasaba mai suna FamilySearch, ni da shi da ɗan ƙanwata mai karatu a Jami'ar André Salifou, wanda kwamfutar tasa ce, kuma wannan shafi ne nake so in auna wa mai karatu.

FamilySearch mallakar cocin nan ne da aka fi sani da sunan Mormon, mai hedikwata a birnin Salt Lake City na jihar Utah a Amurka. Ƙungiyarsu ta binciken nasaba ta kafu tun 1894, a 1938 suka fara zagaya duniya suna ɗaukar hotunan kundaye a kan ƙananan fina-finai, suna adana su a wani rumbu da aka fafe cikin dutse kusa da birnin, a 1999 suka buɗe shafin intanet, a 2021 kuma suka sanar cewa sun gama mayar da naɗin fim miliyan 2.4 zuwa hotunan da kwamfuta ke iya buɗewa. Ba a biyan ko dala, rajista kawai ake yi, kuma ana iya juya shafin zuwa Faransanci, abin da ya sauƙaƙa mana ƙwarai. Dalilin wannan ɗawainiya tasu aƙida ce, domin suna yin baftisma a madadin kakanninsu da suka mutu. Wannan ba aƙidata ba ce, ba kuma ta maƙwabcina ba ce, shi da ya tashi a NG Kerk, babban cocin Afirkana, amma ya kamata duk wanda zai zuba sunayen iyayensa a ciki ya san da haka tun farko. Duba takardu dai bai wajabta wa kowa shigar da sunan kowa ba.

Abin da ya fi komai daraja a shafin, ga mai neman gidan Afirkana, shi ne takardar sanarwar mutuwa, wadda su suke kira sterfkennis. Tun daga 1834 a yankin Kap, wato ƙasar da ke kewaye da birnin da Ingilishi ke kira Cape Town, idan mutum ya rasu ya bar dukiya sai dangi su cika wata takarda su kai ofishin jami'in kotu mai kula da rabon gado, kuma daga baya sauran yankunan ƙasar suka bi wannan tsari. Takarda ɗaya ce tal, amma tana ɗauke da sunan mamacin, da garin da aka haife shi, da sunayen iyayensa biyu, da shekarunsa, da sana'arsa, da matar da ya bari da wadda ta riga shi, da sunayen ƴaƴansa duka tare da bayanin waɗanda suka balaga da waɗanda ba su balaga ba. Wato a shafi guda mutum ya samu tsatso uku: kaka, uba da jika. Da wannan muka fara, muka samu ta kakan mahaifinsa cikin kundayen gado na yankin Transvaal da ke arewacin ƙasar, ita ta ba mu sunan uba, ta uban ta ba mu sunan kaka, haka muka riƙa hawa kamar tsani. Hoton yana fitowa tangaran, ana iya ƙara girmansa har a ga inda alƙalami ya ɗiga, kuma ba zan manta da sa hannun wata gwauruwa ba, wanda ya karkace ya gangara ƙasa da layi, alamar hannu yana rawa lokacin da take rubutawa. Sai dai takardar ba ta wuce sanin wanda ya cika ta ba. A ɗaya daga cikinsu suruki ne ya cika, gurbin sunan iyaye kuwa ya rubuta onbekend, wato ba a sani ba, kuma wannan kalma ɗaya ta cinye mana kusan mako biyu.

A wannan mataki ne shafin Littafi Mai Tsarkin nan ya yi magana. An jera ƴaƴa tara a cikinsa, amma takardar mutuwar ubansu shida ta lissafa, sauran ukun kuwa an yi wa sunayensu ƴar alamar gicciye da shekarar 1901. Lokacin yaƙin Afirka ta Kudu ne, wanda aka gwabza tsakanin Ingila da jamhuriyoyin Afirkana biyu daga 1899 zuwa 1902, lokacin da sojojin Ingila suka ƙone gonaki suka tara mata da yara a sansanoni, inda ƙyanda da zazzaɓin taifot da ƙarancin abinci suka kashe Afirkana kusan 28,000, fiye da 22,000 daga cikinsu yara ne. An tsare baƙaƙen fata a nasu sansanonin dabam, an rubuta mutuwar fiye da 14,000, masana kuma sun ce adadin ya zarce haka nesa, sai dai ba a kula da rubuta sunayensu yadda aka kula da na Turawa ba. Na faɗa wa maƙwabcina cewa shekarar da aka fara wannan yaƙi, 1899, ita ce shekarar da Faransawa suka ci Damagaram a Tirmini suka kuma kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Daren nan ba mu ƙara buɗe wata takarda ba, shayi kawai muka sha.

Idan aka wuce 1834 aka nufi baya, sai a koma ga kundayen coci, na baftisma da na aure, domin rajistar haihuwa da mutuwa ta gwamnati ba ta zama dole a yankin Kap ba sai 1895. Majami'ar birnin Kap ta kafu a 1665, ta Stellenbosch a 1686, ta Drakenstein a 1691, ta Graaff-Reinet can gabas a 1792, kuma hotunan kundayen majami'u da yawa suna cikin shafin. Da Holanci aka rubuta su, da irin rubutun da na murɗaɗɗun baƙaƙe, amma kalmomin da ake buƙata ba su da yawa: gedoopt shi ne wanda aka yi wa baftisma, getuigen su ne shaidu, weduwe gwauruwa. Cikin kwana kaɗan ido ya saba. Shaidun nan kada a raina su, domin galibi kakanni ne ko ƴan'uwan iyaye, kuma ta kansu muka warware matsalar surukin da ya rubuta ba a sani ba. Wuri mafi wuya shi ne zamanin babbar ƙaura, wadda ta fara daga 1835, lokacin da dubban Afirkana suka bar mulkin Ingila a Kap suka nausa arewa da amalanken shanu. Ba su da isassun limamai, har wani ɗan mishan Ba'amurke mai suna Daniel Lindley ne ya yi wa ɗimbin ƴaƴansu baftisma, kuma manoman da ke nesa sai an yi taron jibin Ubangiji, wanda suke kira Nagmaal, suke kawo yara, wani lokaci biyu ko uku a rana ɗaya. Saboda haka ranar baftisma ba ita ce ranar haihuwa ba, garin da aka yi ta kuma ba lallai ne ya zama garin da gidan yake ba. Ga kuma rabuwar cocin Afirkana gida uku, har da na Gereformeerde Kerk da ya ɓalle a Rustenburg a 1859, don haka wanda bai samu kakansa a wannan kundi ba sai ya leƙa na maƙwabta.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne na suna. Al'adar Afirkana ita ce ɗan fari ya ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu ya ci na wajen uwa, ƴar fari ta ci sunan kakarta ta wajen uwa, ta biyu ta wajen uba. Mu nan mun san wannan, shi ya sa kowane gida ke da Abba da Ummi da Baba Ƙarami, to amma mu muna da laƙabi da ke rarrabewa, kundin coci kuwa ba ya rubuta laƙabi. Mutum mai ƴaƴa maza biyar zai samu jikoki biyar masu suna ɗaya sak, duk a gunduma ɗaya, shekarunsu kuma kusa da juna. A nan ne nake jan kunnen mai karatu game da ɓangaren shafin da ake kira bishiyar iyali. Bishiya ɗaya ce ta kowa da kowa, duk wanda ya yi rajista yana iya ƙarawa ko gyarawa, sai bayanan masu rai kaɗai ake ɓoyewa. A mako na uku mun tarar wani mai amfani da shafin, wanda ba mu san ko wane ne ba, ya riga ya ɗaura kakan maƙwabcina a kan wani reshe da ya tafi ɗoɗar har Turai, farin ciki ya kama mu muka fara kwafa. Ɗan ƙanwata ne ya tsaya ya lissafa shekaru da yatsa, ya ce: "Kawu, idan wannan gaskiya ne, ai matar nan ta haihu tana ƴar shekara bakwai ke nan." Ashe ɗan baffan mutumin ne mai suna irin nasa aka ɗauka a matsayinsa. Shafin yana da wurin liƙa hujja a jikin kowane suna, yana kuma nuna tarihin gyare-gyaren da aka yi, saboda haka muka gyara muka liƙa hoton takardar mutuwar muka rubuta dalili. Tun daga ranar muka ɗauki ƙa'ida cewa duk sunan da ba mu ga hoton takardarsa da idonmu ba, jita-jita ne.

Masana nasabar Afirka ta Kudu suna da wata hanyar lamba da ta magance wannan ruɗani, kuma za a yi ta cin karo da ita a bayanan shafin. Christoffel Coetzee de Villiers ne ya ƙirƙiro ta a ƙarni na 19, Cornelis Pama kuma ya sabunta aikinsa a 1966. Wanda ya fara sauka a ƙasar, wato stamvader, shi ne a, ƴaƴansa b, jikokinsa c, haka har ƙasa, lambar da ke biye da harafi kuma tana nuna na nawa ne a haihuwa. Wanda aka rubuta wa b2c5 shi ne ɗa na biyar ga ɗa na biyu na tushen gidan. Tauraro haihuwa ce, x aure, xx aure na biyu, gicciye mutuwa. Na yaba da wannan tsari matuƙa, domin da shi masu suna ɗaya ba sa cakuɗewa.

Zaton da na yi tun ranar farko ya tabbata. Tushen gidan yana cikin Faransawa mabiya Furotesta, waɗanda ake kira Huguenot, da suka gudu bayan Sarki Louis na 14 ya soke dokar Nantes, wadda ta ba su ƴancin yin addininsu, a 1685. Kamfanin Holan mai cinikin Gabas, wanda ya kafa zango a Kap a 1652 ƙarƙashin Jan van Riebeeck, ya kwaso kimanin 200 daga cikinsu, akasari a 1688 da 1689, ya ba su gonaki a Drakenstein da kwarin da har yau ake kira Franschhoek, wato lungun Faransawa. Kamfanin bai so su zama al'umma dabam ba, ya warwatsa su cikin Holandawa ya kuma tsayar da Holanci a makaranta da coci, kafin jikoki su girma Faransanci ya mutu a bakinsu, sunaye kaɗai suka rage. Wasu sun tsaya yadda suke, kamar Du Toit da De Villiers da Du Plessis da Joubert da Marais da Le Roux, wasu kuma bakin magatakarda ya tauna su: Villion ya koma Viljoen, Rousseau ya koma Rossouw, Cronier ya koma Cronjé, Le Clercq ya koma De Klerk. A nan mu ƴan Nijar muna da wata fa'ida da shi kansa mai gidan ba shi da ita, domin kunnenmu yana jin Faransancin da ke ƙarƙashin sunan. Akwatin bincike na shafin yana kawo sunaye masu kama da juna, yana kuma karɓar alamar tauraro a madadin haruffan da ake shakka, amma sau da yawa sai da na furta sunan da ƙarfi na rubuta shi ta hanya uku ko huɗu kafin ya fito.

Akwai reshe ɗaya da ya fi duk sauran tsaya mini a zuciya. Ta wajen wata kaka, can farkon ƙarni na 18, muka iske mace wadda kundin aure bai ba ta sunan gida ba, sai sunanta na yanka da kalmomin van de Kaap, wato ƴar Kap. Haka ake rubuta waɗanda aka haifa cikin bauta ko ƴaƴan ƴantattu a can, kamar yadda ake rubuta van Bengale ga wadda aka kawo daga Bengal. Bayi sun fara isa Kap da yawa a 1658, jirgi ɗaya ɗauke da ƴan Angola, ɗayan kuma daga gaɓar tekun Gini, nan yammacin Afirka, daga baya aka riƙa kawo su daga Madagaska da Indiya da tsibiran Indunusiya, ba a kuma soke bautar ba sai 1 ga Disamba 1834. Tarihi ya san irin waɗannan iyaye mata: Krotoa, ƴar ƙabilar Khoi da ta auri Pieter van Meerhof a 1664, da Angela van Bengale da ta auri Arnoldus Basson a 1669, kuma gidajen Afirkana masu yawa sun fito ta tsatsonsu. A 1971, ana tsakiyar mulkin wariyar launin fata, lokacin da dokar 1949 ta haramta aure tsakanin fari da wanda ba fari ba, masanin nasaba J. A. Heese ya ƙiyasta cewa kusan kashi 7 cikin 100 na asalin Afirkana ba na Turai ba ne. Maƙwabcina ya daɗe yana kallon layin nan, ya ce a gidansu ba a taɓa ambaton wannan mata ba. Ban ga abin da zan zarge shi da shi ba, domin da na koma gida na tambayi gwaggona, wadda ta haura tamanin, sunan mahaifiyar kakanmu na huɗu, sai ta ce: "Kai ɗan nan, maza ake ƙirgawa. Ita an ce daga kudu aka kawo ta, shi ke nan." Damagaram ta zamanin Sarki Tanimu ta yi cinikin bayi, kowa ya sani, kuma maroƙinmu ma yana tsallake irin matan da kundin Kap ya rage wa suna. Bambancin shi ne a can an bar layi ɗaya na tawada, kuma shafin ya kawo mana shi har cikin zaurena ba tare da an goge ba. Wannan kaɗai ya isa in ce aikin yana da amfani.

Ta fuskar amfani na yau da kullum, ga abin da mai zaune a Zinder zai tarar. Shafin kyauta ne amma hotunan suna da nauyi, saboda haka kuɗin intanet ne ainihin kuɗin aikin, kuma mu mun fi yin sa da dare, lokacin da layi ya fi sauƙi, muna sauke duk hoton da muka samu nan take saboda ɗaukewar wuta. Akwai manhajar waya, tana da kyau wajen duba bishiya, amma karatun tsohon rubutu yana son babban allo. Ba dukan kundaye aka yi wa fihirisa ba, wasu sai an buɗe su an bi shafi bayan shafi kamar mai neman aya a littafin da ba shi da lamba, kuma ta jerin kundaye na kowane gari ake shiga irin waɗannan, ba ta akwatin neman suna ba. Wasu hotunan kuma akwai alamar makulli a kansu, saboda yarjejeniya da masu kundin ta ce sai a cibiyoyin FamilySearch ko ɗakunan karatu masu alaƙa da su za a buɗe. Mun haɗa da wasu kafofi biyu da suka cike giɓi: fihirisar NAAIRS ta ma'ajiyar takardun tarihi ta Afirka ta Kudu, wadda ke ba da lambar fayil da ma'ajiyar da yake, ko Kap ko Pretoria ko Bloemfontein ko Pietermaritzburg, da kuma tarin hotunan kaburbura na eGGSA, reshen intanet na ƙungiyar masu binciken nasaba ta ƙasar, inda muka ga dutsen kabarin gwauruwar nan mai rawar hannu.

Wanda zai shiga don neman kakanninsa na Damagaram kuwa, kada ya sa rai da irin wannan girbi. Shafin ba ya ƙirƙirar takarda, abin da aka rubuta aka adana shi yake nunawa, mu kuwa da yawa daga cikin iyayenmu katinsu cewa yake né vers, an haife shi wajen shekara kaza, ko da yake Zinder ce babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926. Nasabarmu tana bakin tsofaffi da maroƙa da mutanen fada, da kuma gefen littattafan malamai inda ake rubuta haihuwa da rasuwa da ajami. FamilySearch yana da shirin naɗar nasabar baka a wasu ƙasashen Afirka, ciki har da Gana da Najeriya, kuma bishiyar tana karɓar hoto da muryar da aka naɗa, don haka mai so yana iya mayar da ita ma'ajiya, bayan ya auna maganar aƙidar da na ambata. Amma ga ɗalibin tarihi, ko malamin da ke son nuna wa ɗalibai yadda ake auna hujja da hujja, ko wanda ke da aboki ko suruki daga ƙasar da aka daɗe ana rubuta rajista, ina ba da shawarar shafin ba tare da jinkiri ba, da sharaɗin ya dogara da hotunan takardu ya kuma yi wa bishiyar gama-gari kallon abin da sai an tantance.

Maƙwabcina ya gama kwangilarsa ya koma gida kafin damina, ɗauke da tsatso goma da muka tabbatar ta wajen uba, kowanne da hoton takardarsa, da kuma wata ƴar takarda da ɗan ƙanwata ya rubuta masa lambobin fayil uku. Biyu na kundayen da ke da makulli ne. Na ukun lissafin kayan gado ne daga ofishin marayu na Kap, wanda aka kafa a 1673, irin lissafin da ake jera bayi a cikinsa tare da shanu da tukwane, kuma muna zaton sunan mahaifiyar matar nan ƴar Kap yana ciki. Ya ce zai je ma'ajiyar da ke titin Roeland a birnin Kap ya nemi a fito masa da shi, in ya samu zai aiko mini da hoton.